Tsatsa da Matsalar Mai a Tsofaffin Motocin A-kori-kura: Daga Ina Ɓarnar Take Farawa?

Tun bayan da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a ƙarshen watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemo darajarta a kasuwa a watan da ya biyo baya, sayen sabuwar a-kori-kura ya fi ƙarfin yawancin manoma, ƙananan 'yan kwangila da 'yan kasuwa masu jigilar kaya. Ido sai ya koma kan tsofaffi, musamman irin su Toyota Tacoma da Tundra, Ford F-150, Chevrolet Silverado da Nissan Frontier, waɗanda akasarinsu suka yi ƙuruciyarsu a Amurka ko Kanada kafin su hau jirgin ruwa. A nan ne ruɗani yake tasowa. Mota ta biya kuɗin kwastan, takardunta sun cika, fentinta yana ƙyalli, injinta kuma ba ya hayaƙi, amma bayan 'yan watanni sai ta fara yanke mai a kan hanya, ko a riƙa jin warin fetur idan ta kwana, kuma ranar da bakanike ya shiga rami ya haska ƙarƙashinta sai ya ce ƙarfen ya cinye. Dillali zai ce man ƙasar nan ne ba shi da kyau, bakanike zai ce famfon da aka sa jabu ne, mai mota kuma zai ce an yi masa rufa-rufa. Kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya, sai dai a mafi yawan lokaci ɓarnar ta riga su duka farawa.

Sassan da ake magana a kansu

Yawancin ƙananan motoci bodinsu shi ne ƙashinsu. A-kori-kura kuwa tana da shasi daban, wato dogayen ƙarafa biyu da suka miƙe daga gaba zuwa baya, da waɗansu gajeru da suka haɗa su kamar matakan tsani. A kan wannan shasi aka ɗora injin, giya, sifirin, tankin mai, safaya taya, da kan motar da bayanta. Wannan ne ya sa bodi zai iya kasancewa lafiya ƙalau alhali abin da yake ɗauke da shi ya lalace, tamkar ɗakin da aka yi wa sabon shafe amma gara ta gama cin azararsa.

Hanyar mai tana farawa daga murfin tanki, ta bi ta wuyan tankin, ta shiga tankin da wasu maɗaurai biyu na ƙarfe suke riƙe da shi a jikin shasi. A motocin da aka ƙera tun daga wajajen 1990, famfon mai yana cikin tankin ne, yana aiki da lantarki, yana tura mai ta filta da siraran bututu da suke bin jikin shasi har zuwa nozul, wato bakin da yake fesa man a cikin injin. Bambancin da ke tsakanin wannan tsari da na kafireta, irin na Peugeot 404 da 504 da aka saba da su, shi ne ƙarfin turawa. Kafireta ba ta buƙatar matsi mai yawa, amma nozul ɗin fetur yana son matsin da ya zarce na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, na injin dizal na zamani kuwa ya ninka wannan sau ɗaruruwa. Ƙaramin huji da a tsohon tsari zai riƙa ɗiga ne kawai, a sabon tsari feshi zai yi.

Akwai kuma kalmomi uku da ake yawan gwamutsawa. Kiranye shi ne idan an tabbatar da wata tawaya da ta shafi lafiyar mutane, doka ta wajabta wa kamfani ya sanar da masu motoci ya gyara kyauta. Ƙarin wa'adin garanti kuwa kamfani ne da kansa yake bayarwa, kuma yana da ranar ƙarewa. Sasanci a kotu yarjejeniya ce tsakanin kamfani da waɗanda suka kai ƙara, ita ma da iyakarta. Idan dillali ya ce ai kamfani ya ɗauki nauyin wannan matsala tuntuni, abin tambaya shi ne wanne daga cikin ukun yake nufi, kuma ko wannan motar ta amfana.

Gishirin hunturu

Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. Ruwa zalla yana yin aikin a hankali, amma idan gishiri ya narke a cikinsa sai ya zama mai saurin ɗaukar lantarki, cin ƙarfen ya ninka, sannan sinadarin kulorin da ke cikin gishirin yana hana ƙarfen yin ɓawon da zai ɗan kare shi.

A arewa maso gabashi da tsakiyar arewacin Amurka, a jihohi irin su Michigan, Ohio, New York, Pennsylvania, Illinois, Wisconsin da Minnesota, da kuma lardunan Ontario da Quebec na Kanada, hukumomi suna zuba gishiri a kan tituna duk hunturu domin ya narkar da ƙanƙara, al'adar da ta kankama tun shekarun 1940. Amurka kaɗai tana amfani da kimanin tan miliyan 20 a shekara. Daga baya an ƙara da feshin ruwan gishiri kafin dusar ƙanƙara ta sauka, da wasu nau'o'in gishiri na kalsiyam da maganiziyam waɗanda suke aiki a sanyin da gishirin miya ba ya iyawa. Waɗannan na baya sun fi illa ga mota, domin suna janyo danshi daga iska, saboda haka laka mai gishiri da ta maƙale a wani lungu na shasi takan zauna a jiƙe ko da titi ya bushe. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta ƙiyasta a 2017 cewa direbobin ƙasar suna kashe kimanin dala biliyan 3 a kowace shekara wajen gyaran tsatsar da wannan gishiri ya haddasa.

Siffar ƙarfen ma tana da tasiri. Wani ɓangaren shasi buɗaɗɗe ne ta gefe ɗaya, ruwa yana shiga yana fita. Wani kuma rufaffe ne kamar akwati, wanda ya fi ƙarfi amma yana tara laka a ciki idan ramukan tsiyayar ruwa sun toshe. Irin wannan yana ruɓewa ne daga ciki zuwa waje, kuma lokacin da ido zai ga huji, ƙarfen da ke kewaye da hujin ya daɗe da zama siriri.

Abin da ya faru da Toyota

Babu misalin da ya fi fito da girman matsalar kamar na Toyota, kamfanin da ya yi suna wajen ƙarko. A 2008 kamfanin ya amince cewa wasu shasin Tacoma ƙirar 1995 zuwa 2000 ba su sami isasshen shafin kariya ba, ya tsawaita garantin tsatsa zuwa shekara 15 a kan motoci kimanin 813,000. Duk motar da aka duba aka ga shasinta ya huje, kamfanin yakan saye ta a kan ninki ɗaya da rabi na darajarta a kasuwa, ya kawar da ita daga hanya. Ga ƙirar 2001 zuwa 2004, wadda ita ma ta sami garantin shekara 15, sai ya zaɓi canja shasin ɗungurungum, aikin da yake buƙatar a ɗaga bodi, a sauke injin da giya da duk abin da ke ƙasa, a mayar da su kan sabon ƙarfe.

A ƙarshen 2009 aka yi kiranyen Tundra ƙirar 2000 zuwa 2003 kimanin 110,000, saboda ƙarfen baya da yake riƙe da safaya taya yana ruɓewa har tayar ta faɗo kan titi, tsatsar kuma tana iya kaiwa ga bututun birkin baya. A 2012 aka yi makamancin haka ga Tacoma kimanin 150,000. Kamfanin Dana, wanda ya ƙera wa Toyota shasin Tacoma, ya biya dala miliyan 25 a farkon 2011 don kashe rigimar da ke tsakaninsu.

Tsugune ba ta ƙare ba, domin ƙirar da ta biyo baya ma ta nuna wannan hali. Masu motoci sun kai ƙarar haɗin gwiwa a kotun tarayya da ke California, kuma a ƙarshen 2016 aka cimma sasanci da aka ƙiyasta zai iya kaiwa dala biliyan 3.4. Ya shafi motoci kimanin miliyan 1.5, wato Tacoma ƙirar 2005 zuwa 2010, Tundra ƙirar 2007 da 2008, da Sequoia ƙirar 2005 zuwa 2008. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma ya yarda zai riƙa duba motocin har shekara 12 daga ranar da aka fara sayar da kowacce, ya shafa maganin tsatsa ga wadda take da sauran lafiya, ya canja shasi ga wadda ta huje, a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kai dala 15,000 kowace mota.

Lissafi mai sauƙi ya nuna inda aka kwana. Shekara 15 a kan ƙirar 2004 ta cika a wajajen 2019, shekara 12 a kan ƙirar 2010 kuma ta cika a wajajen 2022. Motar da mai ita ya kai aka canja mata shasi a lokacin tana iya fin takwarorinta lafiya a yau. Wadda ba a kai ba, ko aka duba aka ce da saura, ta ci gaba da shan gishiri har ta kai inda gyaranta ya fi kuɗinta, kuma irin wannan ce takan faɗa kasuwar gwanjo da araha. Ba Toyota kaɗai ba ce: a Birtaniya an yi ta ce-ce-ku-ce a 2017 kan Nissan Navara da shasinta yake karyewa a tsakiya, tsakanin kan mota da bayanta. Yana da kyau a lura cewa Hilux, wadda ta fi yawa a hanyoyinmu, ba a sayar da ita a Amurka tun da Tacoma ta maye gurbinta a 1995, saboda haka waɗannan shari'o'i ba su shafe ta ba. Tarihin tsatsarta ya dogara ne da ko daga Turai ta zo, ko daga ƙasashen Larabawa, ko kuma a nan ta tsufa.

Inda tsatsa take haɗuwa da mai

Mutane sukan ɗauki matsalar mai da matsalar tsatsa a matsayin abubuwa biyu, ɗaya ta bakanike, ɗaya ta mai walda. A a-kori-kura kusan abu ɗaya ne, domin duk hanyar mai a ƙarƙashin mota take, inda taya take watso ruwa.

A watan Agustan 2011 kamfanin Ford ya yi kiranyen motoci kimanin miliyan 1.1, akasarinsu F-150 ƙirar 1997 zuwa 2004, saboda maɗauran tankin mai suna tsatsa su tsinke, tanki ya sauko yana jan ƙasa, ya fashe, wuta ta iya tashi. Yawancin tankunan zamani na roba ne mai kauri wadda ba ta tsatsa, amma maɗauran, da wuyan tankin, da bututun, da murfin famfon a wasu motoci, duk na ƙarfe ne. Saman tanki shi ne wurin da ya fi ɓoye ɓarna: laka tana kwanciya a wurin, ruwan wanki ba ya kaiwa, ido ba ya gani sai an sauke tankin ko an ɗaga bayan motar. A tsofaffin Silverado da Sierra sanannen abu ne bututun da suka fito daga murfin famfo su huje a nan, alamar farko kuwa warin fetur ne bayan an cika tanki.

Wani misalin ya fi nuna yadda ake ɗora laifi inda ba nan yake ba. A F-150 ƙirar 2004 zuwa 2008 akwai wani ƙaramin akwatin lantarki da yake sarrafa wutar da ke zuwa famfon mai, an ɗaure shi a ƙarfen shasi a saman safaya taya. Jikinsa na alminiyam ne, abin da ya jingina da shi kuma baƙin ƙarfe. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu ga ruwan gishiri a tsakani, ɗayan yakan ci ɗayan, a nan kuma alminiyam ne yake shan kashi. Akwatin sai ya tsage, ruwa ya shiga, mota ta mutu a kan hanya ko ta ƙi tashi. Wanda bai san wannan ba zai canja famfo sau biyu ko uku, kowane karo yana zargin mai sayar da kayan gyara, alhali famfon farko ma lafiyarsa lau. Haka nan wayar da take mayar da wuta jikin shasi, idan mazauninta ya yi tsatsa, famfo ba ya samun cikakkiyar wuta, sai ya yi rauni ya yi zafi.

Wuyan tanki idan ya huje, ɓarnar takan juya ciki: ruwan sama da ƙura da ɓarɓashin tsatsa suna gangarawa cikin mai, su toshe ragar da ke bakin famfo, su cika filta, abin da ya tsallake kuma ya isa nozul.

Laifin wa?

Matsayin kamfanoni shi ne ƙarfe ba ya dawwama, kuma motar da ta shekara 10 ko 15 tana shan gishiri ba tare da an wanke ƙarƙashinta ba dole ta nuna alama. Wannan ce hujjar da General Motors ya kafa lokacin da hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ta fara bincike a 2010 kan bututun birki da suke fashewa a manyan motocinsa ƙirar 1999 zuwa 2003, bututun da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa da na mai. Bayan shekara biyar, a watan Afrilun 2015, hukumar ta rufe binciken ba tare da ta umarci kiranye ba. Ta ce irin ƙarfen da shafin da aka yi amfani da su su ne sauran kamfanoni ma suke amfani da su a lokacin, ta kuma shawarci masu tsofaffin motoci da su riƙa wanke ƙarƙashinsu suna kai su dubawa.

Masu kare haƙƙin masu saye suna ganin akasin haka. A wurinsu, kamfanin da ya sayar da mota a Michigan ya san abin da ake zubawa a titunan Michigan, kuma tunda akwai bututu masu rufin roba da wasu na gamin tagulla da nikel waɗanda ba sa tsatsa, zaɓen mai araha shawara ce ta kasuwanci. Sun kuma soki kiranye na shiyya, wato wanda ake taƙaitawa ga jihohi 20 ko 21 masu sanyi da birnin Washington, kamar yadda aka yi wa Tundra da F-150. Hujjarsu ita ce mota tana yawo: wadda ta shekara takwas a Ohio aka sayar da ita a Texas, jihar da ba ta cikin jerin, tana ɗauke da gishirinta. Ƙungiyoyi biyu, Center for Auto Safety da Public Citizen, sun kai hukumar ƙara kan wannan tsari a 2004, amma ba su yi nasara ba.

Hukumomin hanya nasu uzurin a bayyane yake: titi mai ƙanƙara yana kashe mutane nan take, gishiri kuma shi ne magani mafi araha. Idan aka auna shaidun, inda wata ƙira guda ta lalace fiye da sa'o'inta a yanayi iri ɗaya, kamar Tacoma, da wuya a ce rashin wanki ne kawai. Inda kuwa kowace ƙira ta zamanin take nuna hali ɗaya, maganar kamfani tana da ƙarfi. Abin da duk ɓangarorin ba su sa a lissafi ba shi ne mai saye na uku ko na huɗu a wata nahiya, wanda wasiƙar kiranye ba za ta taɓa isa gare shi ba.

Rabon man da kansa

Wannan bai wanke man da ake sha ba. Kusan duk fetur ɗin Amurka yana da kashi 10 cikin 100 na sinadarin itanol, wanda yake shan ruwa. Ɗan kaɗan ba ya damuwa, yana ƙonewa tare da mai. Idan ruwan ya wuce kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100, sai itanol da ruwan su rabu da fetur su kwanta a gindin tanki, daidai inda famfo yake zuƙa. Motar da ta yi watanni a filin gwanjo, ta yi makonni a teku, ta sake zama a tashar Apapa, Tin Can ko Kwatano, da tsohon mai a cikinta, tana iya isowa da famfon da ya riga ya fara lalacewa.

A gida kuma an ga abin da gurɓataccen mai zai iya yi a watan Fabrairun 2022, lokacin da hukumomi suka tabbatar cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima. Metanol ya fi itanol zafi: yana cin alminiyam da wasu ƙarafa, yana kumbura robobi da tiyo. Kamfanin mai na ƙasa ya bayyana a lokacin cewa gwajin da aka saba yi bai haɗa da auna metanol ba, janye man daga kasuwa kuma ya jawo dogayen layuka na makonni. Ban da irin wannan babban lamari, akwai na yau da kullum: tankin ƙasa na gidan mai da ruwan damina ya shiga, da jarkar 'yan bumburutu da take buɗe ga ƙura.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa tuƙi da ɗan mai yana sa famfo ya zuƙi dattin gindin tanki. Ba daidai take ba, domin famfo kullum daga gindi yake zuƙa, ko tanki a cike yake ko a rabi. Ainihin illar ita ce man da yake ratsa famfon shi ne yake sanyaya shi yake kuma yi masa aikin man shafawa, saboda haka idan ya yi ƙasa sosai har famfo yana haɗiyar iska a kwana ko a gargada, sai ya yi zafi ya ci kansa. Tun da litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki a 2023, ta kuma ci gaba da hawa, tuƙi da jar fitila a kunne ya zama ruwan dare. Motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas ma suna da tasu sabuwar matsalar, domin fetur yakan daɗe a tanki ba a taɓa shi ba har ya yi danƙo ya toshe nozul.

A injin dizal ruwa ya fi haɗari. Yana sa tsatsa a cikin babban famfo da nozul waɗanda tazarar sassansu ba ta kai kaurin gashi ba, kuma a tsakanin ruwa da mai wasu ƙwayoyin halitta sukan hayayyafa su zama baƙin danƙo mai toshe filta. Shi ya sa Hilux da ire-irenta suke da matarar ruwa a ƙasan filta, da fitilar gargaɗi, da ɗan famfon tsiyayewa wanda direbobi da yawa ba su taɓa buɗewa ba.

Dokar shekaru da lambar shasi

A farkon 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu. A 2022 hukumar kwastan ta fara ƙiyasta haraji ta hanyar lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, aka kuma rage shekarun motar da za a iya shigowa da ita daga 15 zuwa 12. Wasu masu saye sun fahimci wannan a matsayin tantancewa. Ba haka ba ne. Lambar tana faɗin ƙasar da aka ƙera mota, da kamfanin, da samfurin, da shekarar, abin da ake buƙata domin yanke haraji. Ba ta faɗin inda motar ta yi hunturunta. Tacoma mai shekara 9 daga Quebec tana iya fin mai shekara 20 daga busasshiyar jihar Arizona lalacewa, doka kuma za ta karɓi ta farko ta ƙi ta biyu.

Masu goyon bayan iyakance shekaru suna da hujja mai nauyi. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Tarayyar Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufa, da yawansu ba tare da wata shaidar cancantar hawa titi ba. Shekaru ma'auni ne mai sauƙin aiwatarwa a tashar jirgin ruwa. Masu suka kuma suna cewa yana tsadar da mota, yana ƙarfafa fasa-ƙwauri, kuma bai auna lafiyar ƙarfe ba. Kenya ta haɗa biyun: iyakar shekara 8, da kuma duba lafiyar mota tun kafin a ɗora ta a jirgi.

Duk da haka lambar shasi tana da amfani ga mai saye idan ya san inda zai kai ta. Shafin intanet na NHTSA yana nuna kiranyen da ba a yi wa mota ba, kamfanoni irin su Carfax kuma suna sayar da tarihin jihohin da aka yi mata rajista, da ko kamfanin inshora ya taɓa yanke cewa ta tashi daga aiki saboda hatsari ko ambaliya. Motocin da ruwan teku ya shanye a guguwa irin ta Sandy a 2012 ko Ian a 2022 suna ɗauke da gishiri har cikin wayoyinsu.

Abin da ya rage ga mai mota

Busasshen yanayin Arewa yana rage saurin tsatsa, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa har yanzu ake ganin tsofaffin Peugeot da aka harhaɗa a Kaduna suna ɗaukar kaya a kasuwannin ƙauye. Amma rage sauri daban, warkarwa daban: ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa, gishirin da ke cikin rufaffen shasi kuma yana farkawa da kowace damina. Kayan da ake ɗauka ma suna ƙarawa, musamman takin zamani, kanwa, gishiri, da fitsarin dabbobi da yake tsiyaya ta ƙasan bodi ya sauka kan tanki da shasi.

Ba a cinikin biri a sama, kuma a a-kori-kura saman shi ne bodi. Dubawar da take da ma'ana ita ce ta rami, da fitila da guduma: ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuma yana yin ɗif ko ya zubar da ɓawo. Jar ƙura a saman ƙarfe ba abin damuwa ba ce. Ƙarfen da ya kumbura yana ɓarewa falle-falle, ko wanda sukudireba ya ratsa, shi ne ya gama aiki. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota dalili ne na ƙara bincike, domin shafin roba da aka yi a kan tsatsa yana kulle danshi a ciki ne. Shafin mai ko kakin da yake ratsa lunguna ya fi dacewa da ƙarfen da ya riga ya fara, muddin an wanke an busar tukuna, kuma ba a bari ya taɓa robobi da birki ba.

Wajen gyara, farashi ya kasu gida biyu masu nisa. Maɗauran tanki, wuyan tanki, filta, bututu da wayoyi abubuwa ne da ake canjawa da kuɗi daidai gwargwado, kuma auna matsin mai da wutar da ke isa famfo kafin a sauke tanki yana hana asarar sayen famfo a banza. Haɗa fasasshen bututun ƙarfe da guntun tiyo na kafireta kuwa kasada ce, saboda ba a yi shi don wannan matsi ba, kuma salansa tana kusa. Walda a gefen tanki tana buƙatar a sauke shi, domin tankin da babu mai sai tururi ya fi cikakke saurin fashewa.

Shasi shi ne inda masu walda da injiniyoyi suka saɓa. Masu walda suna cewa faci da farantin ƙarfe mai kauri yana riƙewa shekaru, kuma haka ne idan ruɓewar ta tsaya wuri ɗaya, aka yanke ta har aka kai ga lafiyayyen ƙarfe. Injiniyoyi suna cewa idan tsatsar ta ratsa tsawon rufaffen shasi, faci yana mayar da nauyi ne zuwa gefensa, inda ƙarfen ya yi siriri, kuma zafin walda yana ƙara raunana shi. Toyota da kanta ba ta yi faci ba, canjawa ta yi ko ta saye motar. A nan irin wannan mota ba ta zuwa bola. Takan sauka hannu zuwa hannu, farashinta yana raguwa, har ta kai ga mai jigila tsakanin ƙauyuka, inda ake ɗora mata buhunan hatsi fiye da abin da aka ƙera ta dominsa, da fasinjoji a saman buhunan ranar kasuwa. Wurin da shasi ya fi ruɓewa, wato gaban mariƙin sifirin na baya, shi ne kuma wurin da wannan nauyi yake sauka duk lokacin da taya ta faɗa rami.